Zambo a Ƙagaggun Labarai Ba Lallai Ne Ya Zama Ƙin Addini Ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk ƙagaggen labarin zambo da ya taɓa addini ko tatsuniyoyin alloli, manufarsa ita ce wulaƙanta imani. Akwai masu wannan manufa, amma sau da yawa waɗanda marubuci yake hara su ne shugabannin da suka mayar da addini tsanin hawa mulki.

Littafin Small Gods na marubucin Ingila Terry Pratchett, wanda ya fito a 1992, ya nuna haka ƙarara. A cikinsa abin bautar da ake kira Om ya wayi gari a jikin ɗan kunkuru mara ƙarfi, domin duk da manyan wuraren ibada da ɗimbin mabiya, zukatan jama'a sun koma ga tsoron hukumar addinin da azabarta, har ya zama mutum ɗaya tak, wani ƙaramin ɗalibi mai suna Brutha, ya rage mai imani da shi da gaske. Pratchett kansa a lokacin rayuwarsa ba mai bin addini ba ne, yana cikin masu ra'ayin fifita mutuntaka, amma abin da na ga ya cancanci lura shi ne, wannan mai imanin, wato Brutha, shi ne marubucin ya ba wa daraja mafi girma a labarin, ya kuma ɗora alhakin zalunci a kan Vorbis, shugaban masu azabtarwa.