Wa dillalin gidan haya yake yi wa aiki?

Jama'a, ni ba ni da rigima da la'ada. Dillanci sana'a ce tun kaka da kakanni, daga kasuwar Kurmi har karar shanu ta Wudil, kuma malamai ba su haramta ladan dillali ba. Rigimata ita ce wanda ake ɗora wa biyan kuɗin.

Mai gida ne ke kiran dillali ya ce ga gidana, samo min ɗan haya. Amma in an zo biya, ɗan hayan ake tasawa gaba: kuɗin shekara guda cur, wani wurin ma biyu, sannan kashi 10 cikin 100 na dillali. A Abuja a ƙara maka kuɗin lauya da kuɗin ajiya saboda ɓarna. Gidan naira miliyan 1, in kowanne ya ci kashi 10, sai ka zube miliyan 1 da dubu 300 kafin ka taɓa makulli. Ga kuɗin ganin gida, wanda ko gidan bai yi maka ba, ya tafi ke nan.

Tunda la'ada kaso ce, duk tashin da haya ta yi riba ce ga dillali. To don Allah me zai sa ya nemo maka ragi? Shi ne ma zai je ya ce, "Alhaji, gidan maƙwabcinka kaza aka ba da shi, kai me kake jira?" Gaskiya ne tun da aka cire tallafin mai a 2023 siminti da rodi sun yi tashin gwauron zabi, kuma wanda ya yi sabon gini dole ya mayar da kuɗinsa. Amma ciki da falon da aka gina shekara 20 da suka wuce a Dorayi ko Rijiyar Zaki, ko fenti ba a sabunta ba, wane siminti ya ci? Wani lokaci ma dillalai huɗu ne a kan gida ɗaya, wannan ya ji wajen wancan, kowa ya ɗora nasa a sama. Ango kuwa, da zarar sun ji an sa rana, sun san ba shi da bakin ciniki.

Jamus ta yi doka a 2015 cewa wanda ya ɗauko dillalin haya shi zai biya shi. Legas ma tun 2011 dokarta ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, duk da dai aiki da ita wani zance ne daban. Majalisun Kano da Kaduna za su iya yin irin wannan: dillali ya yi rajista, ya ba da rasit, mai gida ya biya la'ada.

Na san za a ce ai mai gida zai zuba ta cikin kuɗin haya. Wataƙila. Amma shi yana da dillalai goma a ƙofar gidansa, zai iya cewa kashi 3 zan bayar, wanda bai yarda ba ya kama gabansa. Ɗan hayan da aka ba shi notis, kayansa na jiran a fitar da su ƙarshen wata, da wa zai yi wannan cinikin?