Shekarar da Dwyane Wade ya yi a benci ba asara ba ce

Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a rai, wato "asara". Muna gardama da wasu samari masu son ƙwallon kwando a kan matakin da hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta ɗauka a Janairun 2023, na daina neman sakamakon jarrabawar shiga jami'a ta SAT ko ACT a wurin yaron da zai buga wa jami'a wasa. Sai wani daga cikinsu ya ce ai da an yi haka tun da wuri, da shahararren ɗan wasan nan Dwyane Wade bai yi asarar shekara guda ba. Kowa ya gyaɗa kai. Ni kuwa har na kwanta abin yana cina, domin ra'ayin ba na wannan saurayi kaɗai ba ne. Shi ne ya yi rinjaye yanzu, har ya kai ana kallon dokar karatu tamkar targaɗe ko karaya: tsautsayi ne ya faɗa wa ɗan wasa, a yi masa jaje, a jira ranar dawowarsa.

Wade ya shiga Jami'ar Marquette a shekarar 2000, ɗan talakawa daga yankin Shikago, makinsa na jarrabawa bai kai ba. Koci Tom Crean ya ɗauke shi a haka, doka kuma ta ce ya yi atisaye da 'yan ƙungiya amma kada ya taka fili ranar wasa. Kakar 2000 zuwa 2001 gaba ɗaya a zaune ya yi ta. Yaron da ya fi kusan kowa iya wasa a wurin atisaye, idan alƙali ya busa usur sai ya koma ɗan kallo, gobe da safe kuma ya ɗauki littafi ya nufi aji. Da ya dawo, a kakarsa ta farko yana zura kusan maki 18 a kowane wasa, a ta biyu ya haura 21. Ranar 29 ga Maris 2003 ya tari Jami'ar Kentucky, wadda ta jera wasa 26 ba a doke ta ba, ya ci maki 29, ya cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 11, ya ba da wadda aka ci sau 11. Marquette ta shiga sahun huɗun ƙarshe na babbar gasar jami'o'i da ake farawa a watan Maris, abin da rabonta da shi tun 1977. A wannan shekarar Miami Heat ta ɗauke shi a na biyar a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ya ci mata kofin NBA har uku. To, a ina asarar take?

Na san za a ce ai bai tsaya ya kammala digiri ba a lokacin. Haka ne. Amma ya yi shekara uku a jami'a, kuma ta farkon an tilasta wa jami'ar ta ɗauke shi a matsayin ɗalibi kafin ta mora shi a matsayin ɗan wasa. Wannan tilascin shi ne amfanin dokar. Takunkumin a wuyan jami'a yake, ba a wuyan yaro ba.

Akwai wata dawowar da ya kamata a ajiye kusa da ta Wade. A Janairun 2012 Jami'ar Syracuse ta yi wasa 20 ba ta faɗi ko ɗaya ba, sai aka dakatar da dogon ɗan wasanta Fab Melo, ɗan Birazil, saboda matsalar karatu. Wasan farko da aka yi babu shi, Notre Dame ta doke su. Wasa uku kacal ya rasa, sai ga shi ya dawo, 'yan kallo suna ta shewa. Ba wanda ya tsaya ya tambaya yadda aka yi ɗalibin da karatu ya kayar ya miƙe cikin mako biyu. Amsar ta fito a 2015, cikin rahoton NCAA: an koma kan wani darasi da ya riga ya gama, aka ba shi damar ƙara rubuta takarda don a ɗaga masa maki, kuma ma'aikatan sashen ƙwallon kwando ne suka sa hannu a rubutun. Yaron da harshensa na gida Fotugis ne, wanda abin da yake buƙata shi ne a zaunar da shi a koya masa Turanci sosai, sai aka rubuta masa aka ce ya koma fili. Da Maris ya zo, ana gab da fara babbar gasa, aka sake dakatar da shi. Binciken da ya haɗa wannan da wasu laifukan ya sa aka dakatar da kocin Syracuse, Jim Boeheim, wasa tara, aka soke masa nasarori 101.

Wannan shi ne abin da ke faruwa idan mudun awon yana hannun mai hatsi. Kuma abin da matakin 2023 ya yi ke nan. An bar darussa 16 na sakandare da matsakaicin maki 2.3, duk abubuwan da ake bayarwa a cikin gida, inda koci ya san shugaban makaranta, shugaban makaranta ya san malami. Jarrabawar waje ita kaɗai ce koci ba zai iya ɗaga waya ya gyara ba. Ko maguɗin da aka yi a cikinta ya fi saurin tonuwa: da hukumar jarrabawa ta soke sakamakon SAT na Derrick Rose, sai da Jami'ar Memphis da ya buga wa wasa ta rasa nasarori 38 na kakar 2007 zuwa 2008. Na cikin gida kuwa, Jami'ar North Carolina ta shafe shekara 18, daga 1993 zuwa 2011, tana gudanar da darussan bogi da ba a shiga aji, ɗalibai kusan 3,100 suka bi ta ciki, kusan rabinsu 'yan wasa. A 2017 NCAA ta kakkaɓe hannu ta ce ba huruminta ba ne.

Masu cewa jarrabawar tana danne 'ya'yan baƙaƙen fata da na talakawa, har suna kafa hujja da ficewar kocin Jami'ar Georgetown, John Thompson, daga fili don nuna adawa da wata dokar karatu ta NCAA a 1989, sun manta cewa abin da ya harzuƙa shi a lokacin shi ne hana wa irin waɗannan yara tallafin karatu; kuma idan makarantar unguwa ce ta lalace, fasa ma'auni gyaran gangar Auzinawa ne.

Dokokin nan ba daga sama suka faɗo ba. Kevin Ross ya yi shekara huɗu yana buga wa Jami'ar Creighton wasa, ya fita a 1982 bai iya karatu ba. Ƙato mai tsawon fiye da mita biyu ya koma wata makarantar yara a Shikago, ya lanƙwashe ƙafafu a tsakanin ƙananan yara yana koyon haɗa baƙi. Irin wannan abin kunya ne ya haifi dokar da ta fara aiki a 1986. Yau an tattara sashenta na jarrabawa an jingine, a daidai lokacin da kuɗi ya fi yawa: kwangilar nuna gasar Maris a talabijin ta haura dala biliyan ɗaya a shekara, tun 2025 kuma jami'a na iya raba wa 'yan wasanta kuɗi kai tsaye, kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ban ƙi a biya yara ba, guminsu ne. Amma jami'ar da ta zuba miliyoyi a kan yaro, wa zai yarda za ta zaunar da shi saboda ya faɗi darasi? Ga kuma damar sauya jami'a duk shekara ba tare da zaman jira ba. Yaro ya yi jami'a huɗu a shekara huɗu, wane malami ne ya san ko sunansa? Wannan ba tausayi ba ne, cin amanar yara ne da aka yi wa kwalliya.

'Yan ƙwallon kwando a rukunin farko na jami'o'in NCAA sun haura 4,000, gurbin zaɓen NBA kuwa 60 ne a shekara, har da 'yan ƙasashen waje a ciki. Sauran kuwa, takardar digiri ce kaɗai za su fita da ita, in ma sun samu. Abin ya shafe mu, domin tun zamanin Hakeem Olajuwon, ɗan Najeriya da ya yi fice a NBA, yaranmu ke bin wannan hanya, kuma dogon yaron da ke atisaye a Kano ko Kaduna yana mafarkin Amurka ya fi kama da Melo fiye da Wade: baƙo ne, Turanci ba harshen uwarsa ba ne, ba shi da wanda zai tsaya masa.

A dawo da wani awo na waje, ko da ba SAT ba ne. Duk yaron da bai kai ba a ba shi cikakken tallafi ya zauna shekarar farko, kada a rage masa shekarun wasa. Makin da aka sauya a tsakiyar kaka kuwa, wani daga wajen jami'a ya duba shi kafin a yi shewa.

Boston Celtics ta ɗauki Melo a 2012, ya buga mata wasa shida, daga baya ya koma Birazil. A can ya rasu a Fabrairun 2017, yana da shekara 26.