Maganin Hajiya yana bayan rediyo

Samarin Zango, ku ba ni aron kunnuwanku. Kakata ta shekara talatin tana sayar da koko da ƙosai a unguwar Aboabo ta Kumasi, ba ta taɓa kuskuren canji ba. Bara ta soma maimaita tambaya ɗaya sau uku kafin shayi ya huce. Ran nan ta kira ni da sunan ƙaninta da ya rasu tun ban zo duniya ba. Muka ce gigin tsufa ne, wata maƙwabciya ta ce sammu. Sai a asibitin Komfo Anokye likita ya tambaye mu: ina maganinta na hawan jini? Yana bayan rediyo, ya yi ƙura. Ta bar sha, wai ba ta jin ciwon komai.

Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin. Ba ta da rumbu, abin da jini ya kawo yanzu shi take ci yanzu, ta jijiyoyin da suka fi gashi siranta. Hawan jini da ciwon suga da taba su ke taurara su, hanya ta tsuke. Jinin yakan fara raguwa shekaru kafin mantuwa ta fito fili, har a cutar mantuwa ta Alzheimer ana ganin haka. Mu ba mu lura da alamun farko ba: lissafinta ya yi nauyi, tafiyarta ta koma ja da ƙafa.

Kada ku zauna jiran sabon magani. Lecanemab, maganin Alzheimer da Amurka ta amince da shi a 2023, rage saurin cutar kawai yake yi, ga tsada. Binciken SPRINT MIND na 2019 kuwa ya nuna sauke lambar sama ta awon hawan jini ƙasa da 120 ya rage fara rikicewar tunani da kashi 19 cikin 100, da ƙwayoyin da aka saba sha. Ku sabunta wa iyaye katin inshorar lafiya na NHIS, ku raka su awo, ku riƙa duba kwalin maganin da idonku. Kifin gishiri irin su koobi da momoni, da dunƙulen magi, a sassauta, gishirin yini kada ya wuce cokalin shayi ɗaya.

Ranar da na kai ta awo, nas ta ce in miƙo hannu ni ma. Shekarata 34, na'ura ta nuna 148 bisa 94.