Dajin da kuke ta yaɗa hotonsa, shuka shi aka yi

Tun shekaranjiya nake danne zuciyata a kan hoton nan na wani daji a Jamus da ake ta yaɗawa, sai yau na ga wani malami da nake ganin girmansa shi ma ya ɗora, da maganar nan dai: wai Allah ya gama yi wa Jamusawa komai, mu kuwa sai rana da ƙura. Ƙasansa kowa na ta "wallahi haka ne". Haka ne ina? Allah gafarta Malam, da girmanka, amma a nan ka yi tuntuɓe.

Wurin da ke hoton na san shi, na taka shi da ƙafata lokacin da nake karatu a Freiburg. Schwarzwald ne, wato Baƙin Daji, a kudu maso yammacin Jamus cikin jihar Baden-Württemberg. Tuddai ne da kwaruruka masu tsawon kusan kilomita 160, dutsensu mafi tsayi, Feldberg, mita 1,493. Daga nan Kogin Danube ya faro. Yana da kyau? Ƙwarai kuwa. Amma duk wanda ya shiga ciki da idon ɗan manomi zai lura da abin da mai kallon hoto ba zai gani ba: a wurare da yawa itatuwan iri ɗaya ne, tsayinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, kamar dawa a kan kunya. Dajin da ya tsiro da kansa ba ya yin haka. Shuka shi aka yi.

Me ya sa aka shuka? Saboda sun taɓa yi masa askin ƙwal kwabo. Fatake daga Holan suna sayen dogayen itatuwan don ƙera jiragen ruwa da kafa harsashin gidaje a Amsterdam. A sare, a ɗaure gungume da gungume, a sako su ta kogunan Kinzig da Murg har cikin Rhine, mutane na tsaye a kai suna tuƙawa da sanda. Masu yin gilashi su kafa matoya, su ƙone itacen da ke kewaye, in ya ƙare su tashi su yi gaba. Masu gawayi na nasu. Abin da ya yi saura ya tsiro, shanu da awaki su bi su cinye. Wajajen 1800 tuddai da yawa tsirara suke. Ku sake karanta wannan jerin: katako, gawayi, kiwo. Akwai wanda baƙo ne a gare mu?

A 1833 masarautar Baden, mai mulkin babban ɓangaren dajin a lokacin, ta kafa dokar daji, aka ƙayyade sara, aka taƙaita kiwo, aka shiga dashe. Mutumin da ya dasa itacen nan ya san ba shi zai sare shi ba, ɗansa ma da ƙyar. Shi kuke kallo yau kuna cewa sa'a.

Na san mai cewa ai suna da ruwan sama yana nan tafe. To, hutu ruwan saman ya tafi lokacin da suka aske dajin? Yana zuba suka sare, yana zuba suka dasa. Sai kuma ɗan'uwana mai amsa ɗaya ga kowace tambaya: dukiyarmu suka kwasa. Ta'asar Jamus a Afirka ba ɓoyayya ba ce, ranar da aka zo kanta ni ne a sahun gaba. Amma Jamus ba ta zama ƙasa ɗaya ba sai 1871, Kamaru da Togo kuma a 1884 ta kama su. Dokar daji ta girme wannan da shekara hamsin da ɗoriya. A nemi wani uzurin.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne tunanin wai cikin daula aka haife su. A Gutach akwai wani gidan manomi da aka gina a 1612, an mayar da shi wurin tarihi. Na shiga. Rufinsa ya sauko kusan ƙasa, mutane da shanu duk a ƙarƙashinsa saboda sanyi. Kicin ɗin baƙi ƙirin, hayaƙin shekaru ya daskare a jikin katako, har yanzu kana jin ƙaurinsa a hanci. Ƙasar noman ba kauri, ƙanƙara ta rufe ka watanni. Gonar kuma ba a raba ta gado, a wurare da yawa auta ke ɗauke ta ɗungurungum, yayyensa su zama barorinsa ko su san inda dare ya yi musu. A shekarun yunwa na ƙarni na 19 har ƙauyuka suka riƙa biya wa talakawansu kuɗin jirgi zuwa Amurka don a rage bakin ci. Wannan ce aljannar taku.

Waɗancan da ba su gaji gona ba su suka zauna cikin hunturu da wuƙa da guntun itace suna sassaƙa agogo. Na ga irin na farko a gidan tarihin agogo na Furtwangen: haƙoran ciki duk na katako, dutse ne a rataye yake jan shi. Wasu su goya agogunan a baya su bi ƙafa suna talla, har Ingila da Rasha. Da kasuwa ta fara ƙwacewa, gwamnati ta buɗe makarantar koyon agogo a Furtwangen a 1850, ƙarƙashin injiniya Robert Gerwig, wanda daga baya ya tsara layin dogon da ya huda tuddan. Masana'antar Junghans da aka kafa a garin Schramberg a 1861, zuwa 1903 babu masana'antar agogo da ta kai ta a duniya. Sannan agogon batir na Japan ya zo a shekarun 1970 ya yi musu kaca-kaca, kamfanoni suka yi ta rufewa. Amma hannun da ya saba da ƙananan haƙora bai mutu ba, ya koma na'urorin awo da kayan injin. Famfon Hansgrohe da kuke gani a banɗakin manyan otal, daga Schiltach yake, wani ɗan gari a kwari wanda da can sana'arsa tura gungume a ruwa.

Kuma kada a ce na mayar da su waliyyai. Dasa iri ɗaya da suka yi kuskure ne, sun kuwa ɗanɗana kuɗarsa: ranar 26 ga Disamba 1999 guguwar Lothar ta kwantar da itatuwa kamar an bi gero da lauje, daga 2018 kuma fari da ƙwaro mai cin ɓawo suka dasa nasu. Yanzu gauraya iri suke yi. Gyaran ma da hannu ake yinsa.

Tsakani da Allah, abin na taɓa ni ne don na tuna kukoki da ɗorawoyin bayan garinmu da muka yi wasa a ƙarƙashinsu, yau ko kututture babu, ni kaina kuma ban taɓa dasa ko ɗaya a madadinsu ba. In muka ce nasu kyauta ce daga sama, mun wanke kanmu ke nan, mu ci gaba da ba motar gawayi hanya muna jan carbi.

Af, tun da an zo nan: kek ɗin nan "Black Forest" da ake yankawa a bukukuwanmu, sunan dajin nan ne. Na asali kuwa da barasar 'ya'yan itacen ceri ake jiƙa shi. Namu na gida galibi babu, amma Hajiya, in kin je Jamus aka miƙo miki, ki tambaya tukuna. Ni sai da na kai cokali bakina wata tsohuwa ta riƙe mini hannu.