Ranar da na yi wa Japanawa kukan bazawara

Watana uku a birnin Sendai na Japan ina karatu, Disamba ta kama, Farfesanmu ya ce za a yi bonenkai, wato walimar manta wahalar shekara. Daga wurin cin abinci kuma sai ɗakin karaoke, inda na'ura ke sa kiɗa mutum ya ɗora murya, kowa da waƙarsa. Ni da ko a bikin ƙanwata ban taka rawa ba, na ce a yafe mini. Dattijon ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne Jero ɗinmu." Jero wani baƙar fata ne ɗan Pittsburgh ta Amurka, kakarsa Bajapaniya, wanda a 2008 ya fito da hular hana-sallah da burgujejen wando yana rera enka, tsofaffin ƙasar suka haukace a kansa. Tun daga nan, a idon Farfesa duk baƙi gwanin enka ne.

Enka waƙar tsofaffi ce, irin wadda NHK, tashar talabijin ta ƙasar, ba ta rasa sakawa a daren 31 ga Disamba. Murya irin ta dā, amma an jibga mata jita da gogen Turawa da gangunan zamani, wani lokaci a tsarma shamisen, gurminsu mai tsirkiya uku. Da na saurara sai na ji kamar waƙoƙin Sudan da Baba yake kamowa a rediyo, domin duka biyun a kan sauti biyar suke tafiya. Na ce ashe ma 'yar gida ce. Na zaɓi ɗaya don kiɗanta kawai, na kwafe baitocin da haruffan boko, ban tambayi kowa ma'anarsu ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne kobushi. Sai ka kama gaɓa ɗaya ka murɗa ta, ka karkaɗa ta a maƙogwaro kamar mai kuka yana jin kunyar a gani. Kullum bayan isha'i nake gwaji, na manta bangon gidajensu da kwali marabarsu kaɗan ce. Dare na huɗu aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohuwar maƙwabciyata ce, ta rusuna, ta miƙo mini maganin ciwon ciki da kwanon faten shinkafa mai zafi, tana shafa nata cikin tana girgiza kai don tausayi. Japanancina bai kai na yi bayani ba. Na karɓa na yi godiya, faten kuwa na shanye shi tas.

Ranar walima kowa da kofin giyarsa, ni da shayin ulon. Na karɓi makirufo na runtse ido, na saki murya tun daga cibiya. Da na buɗe ido ɗalibai sun cusa fuska a hannun riga, kafaɗu na rawa, Farfesa kuwa hawaye yake sharewa da gaske. Na'urar, wadda ba ta san kara ba, ta ba ni maki 43 cikin 100.

Duk da haka kaina ya kumbura. Wani ya ɗauki bidiyo, tun a jirgin ƙasa na tura wa uwargida a Kano, har da rubuta "ga mijinki". Abin da ban lura ba, baitocin suna fitowa ɓaro-ɓaro a talabijin ɗin da ke bayana, ƙaninta kuma ya iya sa waya ta fassara rubutu.

Da asubarsu, ni ina tsakar rana a ɗakin bincike, ta kira.

"Baban Ummi, wane ne ya shiga jirgin ruwa ya bar ka?"

Na ce wane jirgi?

"Ga shi nan ka ce kana tsaye a bakin teku cikin dusar ƙanƙara, kai mace ce mai rauni, a ƙaro maka giya ka manta da shi. Sau uku ka nemi ƙari."

Ashe a enka ba abin mamaki ba ne ƙato ya rera da bakin mace. Na shiga yi mata bayanin al'ada da kobushi. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce ta riga ta tura wa Hajiya, kuma Hajiya ta ce in kira ta yanzun nan.