Malamin da ya ce ku koma gida ba matsoraci ba ne

'Yan'uwana samarin Yamai, musamman mu 'yan fada, masu zaman majalisar shayi, wata ɗabi'a ta kama mu. Da gari ya ɗau zafi, liman ya hau mumbari ya ce a kai zuciya nesa, kada a taɓa dukiya ko ran kowa, kafin a sauke shayi na biyu an raɗa masa suna: malamin gwamnati, an toshe masa baki da kuɗi. Shi kuwa mai kumfar baki a saƙon murya na WhatsApp, wanda ko unguwarsu ba mu sani ba, shi ne gwarzo.

Ku tuna Janairun 2015. Jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), kuma babu musulmin da abin bai sosa wa rai ba. Damagaram ta tashi ranar Juma'a 16 ga wata, Yamai ta bi sahu washegari. Mutum goma suka mutu a garuruwan biyu. A Yamai 'yan sanda sun ƙidaya coci 45 da aka cinna wa wuta, har da gidan marayu. Masu zanen suna can Paris, ko hayaƙin bai kai musu ba. Waɗanda suka kwana da kuka maƙwabtanmu ne, da muke ɗibar ruwa a famfo guda. Malamai ne suka fito a talabijin suna roƙon a tsaya, suna tunatar da mu cewa Musulunci bai yarda da wannan ɓarna ba. A ranar ma akwai masu zaginsu.

Na Maraɗi ya fi ba ni tsoro. A Yunin 2019 aka kama wani limami saboda huɗubar da ya yi a kan daftarin dokar tsara harkokin addini, matasa suka fusata suka ƙona coci. Da aka sake shi, shi da bakinsa ya ce magoya bayansa su daina ƙone-ƙone, ya kuma ce an yi masa gurguwar fassarar dokar. To, wanda ya ƙyasta ashana da sunan kare malam, me zai ce gobe ƙiyama? Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta riga ta umarce mu mu tantance labari, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama.

Ban ce kowane mai rawani gaskiya yake faɗi ba; akwai masu wa'azin ciki, kowa ya san su. Amma liman ɗin unguwa shi ke sallatar gawa, shi ke zuwa gaban kwamishinan 'yan sanda roƙon a saki ɗan wani, shi uwar yaron ke tarewa a ƙofar masallaci tana hawaye. Ya san illar fitina fiye da mu.

In huɗubarsa ba ta gamsar da kai ba, kada ka yanko rabin maganarsa ka watsa a Facebook. Bari a idar da La'asar, ka same shi a zaure, ka gaishe shi, ka ce: "Allah gafarta Malam, ina neman hujja." Ka tafi da abokinka mai zafin kan nan, shi ma ya ji da kunnensa.