Hayaƙin bolar nan ƙwaƙwalwarmu yake ci

Jiya bayan Magariba an sake cinna wa bolar bayan gidanmu wuta. Kafin a kira Isha'i ɗakin Inna ya turnuƙe da baƙin hayaƙin nan mai ƙaurin leda da famfas da guntayen taya, wanda ke shaƙe maƙoshi ya sa ido hawaye. Na jiƙa zani na toshe taga, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. A zafin Sakkwato fa, cikin Afrilu, ba wuta balle fanka. Ko ta shaƙi hayaƙi, ko ta dahu a ɗaki. Abin da aka bar wa tsohuwa mai shekara 70 da ɗoriya ke nan a Mabera.

Wata huɗu rabon motar shara da layinmu. Mun je wurin mai unguwa, mun rubuta takarda mun kai ofis. Yau a ce mota ta lalace, gobe a ce babu mai, jibi a ce oga ya yi tafiya. Da bola ta cinye rabin hanya sai wani ya ɗauko ashana. Ina jin haushin mai ƙonawar, amma wallahi na fi jin haushin wanda ke karɓar albashi duk wata da sunan kwashe ta.

Shekara biyu ke nan da Inna ta fara mantuwa. Da fari carbi ne take nema alhali yana hannunta. Sai ta koma zuba gishiri sau biyu a miya, sai raka'o'in salla suka fara rikice mata. Wannan fa matar da ta riƙe adashin mata 20 a ka, ba biro ba takarda, ba a taɓa kama ta da kuskuren kwabo ba. Ranar da ta dube ni ta ce, "Kai ɗan wa na?" fita na yi zaure na zauna, na kasa ko tashi. Maƙwabta suka ce gigin tsufa ne, wasu suka ce iska. Da muka kai ta asibiti likita ya yi maganar shekaru da hawan jini, sannan ya tambaye ni da me take girki, kuma wace irin iska take kwana a ciki. Shekara 40 tana durƙushe gaban murhun itace, yanzu kuma ga bola.

Mu duk a tunaninmu hayaƙi tari ne da mura, a sha lemun tsami da zuma a wuce. Ashe a cikinsa akwai ƙura mai matuƙar laushi da ake kira PM2.5, wadda silin gashin kai ya fi ta kauri kusan sau 30. Gashin hanci ba ya tare ta. Tana sauka can cikin huhu ta ratsa cikin jini, mafi ƙanƙantarta kuma tana iya bin jijiyar jin ƙamshi da ke saman hanci ta isa ƙwaƙwalwa. A can take haddasa kumburi, tana lalata ƙananan hanyoyin jini sannu a hankali, shekara da shekaru, mutum bai ji ciwon komai ba. Ƙarshenta ta taimaka wa shanyewar ɓarin jiki ko cutar mantuwa.

A 2020 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya sanya gurɓatacciyar iska cikin abubuwa 12 da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa, waɗanda kuma ake iya magancewa. A Ontario ta ƙasar Kanada, binciken da aka fitar a 2017 kan miliyoyin mutane ya nuna masu zama ƙasa da mita 50 daga babban titi sun fi na nesa kamuwa da ita da kashi 7 cikin 100. Titi kawai, a ƙasar da ake kwashe shara! A birnin Meziko har a ƙwaƙwalwar yara aka ga alamun kumburin. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali, domin jikin bolar tamu akwai makarantar allo, yara 'yan shekara biyar suna zaune suna biya karatu hayaƙi na bi ta kansu.

Na yarda hazo ba laifin kowa ba ne. Ƙurar da iskar hunturu ke kwaso mana daga kwarin Bodele a Chadi tun kakanni ake shaƙar ta. To me ya sa za mu ɗora mata? Masu wuta sun bar mu da janareto a bakin kowane shago. Kabu-kabu da tsofaffin Keke Napep suna feshin hayaƙi a fuskar mai tafiya ƙasa. Ana babbake kai da ƙafa da taya, yara 'yan jari bola suna ƙona waya don su ciri jan ƙarfe. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2021 ta ce kada ƙurar nan ta PM2.5 ta wuce maikirogiram 5 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace kubik mita ta iska, wato iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, in aka ɗauki matsakaicin shekara. Ni dai tun da nake ban taɓa jin an faɗa mana a rediyo nawa muke shaƙa a garin nan ba, kamar yadda ake faɗin farashin gero.

Ba asibitin ƙasar waje muka roƙa ba. A turo mota sau ɗaya a mako, a ajiye mana kwandon shara na ƙarfe, a hukunta duk wanda ya ƙona bola a tsakiyar gidaje. Mu kuma masu zuba leda a kwata da aika yara su watsar da shara da dare, mu ji tsoron Allah, iyayenmu ne ke kwana a cikin hayaƙin.

Zanin da na toshe taga da shi fari ne jiya. Da asuba na ciro shi ya yi baƙi ƙirin, in ka shafa sai ya bar maka maiƙo a yatsa. Ban wanke ba. Ranar Litinin ni da maƙwabta za mu koma ofishin nan, shi zan shimfiɗa musu a kan tebur.